Sunan da Aka Tsallake

A gidanmu na Maƙarfi ana jan kakanni kamar carbi:
Barau ya haifi uku, Cindo da Lantana.
Daga nan sai shiru,
kamar gurbin haƙorin da ya fita.

Na bi shirun har Kaduna,
ɗakin tsofaffin takardu, fanka na juyi da kasala.
Littafin haraji, gara ta ci gefensa.
Layi na sha tara:
Nomau ɗan Barau. Bebe. An ɗauke masa.
Iyakar sanin malamin haraji ke nan.

Gwaggo Tasalla ta haura casa'in.
Ta daɗe tana goga goro a magogi.
"Wa ya faɗa miki?"
Sai ta ajiye, hannuwanta suka tuna:
yatsa a kunci, uwarsa ke nan;
tafi biyu a ƙirji, rake ya nuna.
Shi ke dafa mazarƙwailar gidan.
Bai taɓa jin tafasa ba, hanci ke gaya masa,
kuma ko sau ɗaya bai ƙona kasko ba.
Da kuɗinta aka kai Cindo karatu Zariya.

Ga ni da biro, dare ya raba.
In rubuta bebe, na bi sahun malamin haraji.
In ƙi rubutawa, na bi sahun gidanmu.

Sunansa na cikin gida,
babban yatsa a goshi, a murza,
ba shi da harafi a boko ko ajami.
Na bar masa fili a shafin.
Da safe na kama hannun 'yata, na koya mata.