Direban Janairu

Litinin ɗin da kakar wasa ta ƙare
akan ga kwalaye a bakin ƙofa:
hoton iyali, kofin shayi, usur mai igiya.
Koci ya kwashe, ya fice ta baya.
Kafin dusar ƙanƙara ta shafe sawunsa
wayata ta yi ƙara: Rufus, wanke mota,
akwai baƙi a filin jirgi.

Shekara ashirin da biyu ina wannan ɗauko.
Madubina ya san fuskar masu nema
fiye da yadda mai kulob ya san su.

Da can masu furfura ake yayi,
masu murya kamar aradu,
gwiwa ta mutu tun zamanin kwalkwali,
su shiga mota da ƙyar, suna nishi.
Sai aka koma farautar yaran gwani:
duk wanda ya taɓa riƙe wa zakara allo,
ko ya sha kofi a teburinsa sau ɗaya,
sai a ce albarka ta shafe shi.
Yanzu samari nake ɗaukowa,
talatin da 'yan kai, gemu bai haɗe ba,
kwamfuta a cinya, suna zana hari da yatsa,
su gaishe ni ba su ɗago ba.

Ranar Laraba na ɗauko Alonzo Whitlock.
Karo na uku ke nan.
Kwat ɗin dai ita ce, ruwan toka,
maɓalli ɗaya ne sabo.
Shekara ashirin da shida yana gina katanga,
yana koya wa ƙarti yadda ake tare gudu,
yadda ake karanta idon mai jefa ƙwallo
kafin hannunsa ya yanke shawara.
Fatarsa irin tawa ce.
Bai zauna a baya ba, gefena ya zauna.

Na ce, Koci, bana fa taka ce.
Ya yi dariya ta hanci.
Ya ce, Rufus, ƙa'ida ta ce a gana da irina,
ba ta ce a ɗauka ba.
Ni ne gishirin da ake taɓawa da harshe
bayan an riga an sauke tukunya.
Na ce, to me ya kawo ka?
Ya shafa fayil ɗinsa mai kauri kamar bulo.
Ya ce, rashin tayi kan bar arha.
Kuma akwai yara a bayana suna kallo
ko zan daina zuwa.

Awa huɗu na jira a ƙasa, hita a kunne.
Ya fito yana murza ido.
Ya ce sun yaba ƙwarai.
Sun yaba wancan karon ma.

Alhamis na ɗauko Colby Strand,
ɗan talatin da ɗaya, yana cin gyaɗa a leda.
Ba ni da abin faɗa a kansa:
yaro ne mai ladabi, ya san lissafi,
ya tambaye ni inda ake samun makaranta mai kyau
don 'yarsa.
Ganawa ba a shiga ba, ana neman makaranta.
Na kalli madubi, na kalli titi.

Jumu'a aka kafa kyamarori,
aka sa masa hular kulob, ya yi murmushi,
mai kulob ya ce sabon zamani ya zo.
Karo na bakwai da na ji zamani ya zo
a wannan ɗakin, a kan wannan kafet.

Da dare saƙo ya shigo wayata:
Na manta safar hannuna a motarka.
Ajiye min.
Na buɗe aljihun gaba, ga ta nan,
baƙar fata, ta tsage a babban yatsa.
Na mayar, na rufe.
Kwantiragin yaron na shekara biyar ne.
A nan gidan, biyar kan ƙare a uku.