Kafin a Kawo Wuta

Sitidiyon Bappayo yana bayan kasuwar Wunti,
ɗaki ɗaya, an manna kwalin ƙwai a bango
don kada hayaniyar titi ta shigo.
Yau ma an ɗauke wuta,
janareta ya yi tari biyu ya ce ba da shi ba.
Na zauna kan benci,
makirufo na kallona kamar mai bin bashi.

Jiya Bappayo ya ce,
"Asabe, muryarki zuma ce,
amma hoton nan na bangon faifai
bari mu ɗan wanke shi a na'ura.
Masu saye sun fi son fara."
Na yi dariya har da tafawa.
Da na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Wata ƙawata ta zo lallashi,
wai baƙar tukunya ce mai fid da farin tuwo.
Kun ji fa.
Ko karin maganar ma
sai da ya kawo fari a ƙarshe
kafin ya yarda ya yabe ni.

Kakata Kyallu a Dass,
a gindin duwatsun Mbula,
kan dutsen niƙa ta koya mini kari.
Tura, jawo, numfasa,
tura, jawo, sai baiti ya faɗo cikin gari.
Da Jaranci take yi,
ni kuwa rabin kalmomin sun zube mini a hanyar makaranta.
Ta ce tana budurwa wani Bature ya zo
da akwati mai cin murya.
Ya ba ta sule biyu.
Ya rubuta sunan dutsen,
ya rubuta sunan ƙabila,
har irin dawar da take niƙawa ya tambaya.
Sunanta ne kaɗai bai tambaya ba.

A wani biki a Yelwa na ji ana raɗa,
"Ashe 'yar Jarawa ce? Hausarta ba gargada."
Yabo suke nufi.
A Dass kuma, in na gaida tsofaffi,
sai su ce Bahaushiyarmu ta iso.
Tsakanin nan da can
nake shimfiɗa tabarmata in yi rubutu.

Waƙa ba ta sallama.
Ta taɓa kama ni cikin Keke, a kwanar Gwallameji,
na rubuta ta a bayan takardar magani,
mai Keken yana tsaki ina neman canji.
Wata kuma mako uku ina binta
kamar mai bin kaza a fili,
kalma ɗaya tak ta ƙi zama.
Ranar da na daina nema, ina tsaka da wanki,
sai na ga abin da ke gabana tun fil azal:
baƙa da waƙa,
harafi ɗaya ne ya raba su.
Na tsaya da kumfa a hannu
ina maimaitawa kamar sabuwar mahaukaciya.
Baƙa, waƙa, saƙa.
Ashe zaren yana jikina.

Ban ce na huce ba.
Akwai daren da nake duba kwalbar mai a shagon Hajiya Turai
in yi lissafin kuɗinta.
Akwai baitin da na yanke
don kada a ce na cika ƙorafi.
Har yau yana mini ƙaiƙayi
kamar haƙorin da aka cire.

To, ga yara can sun kwashe da ihu,
fanka ta fara juyi a kasalance.
Bappayo ya sa abin ji a kunne, ya ɗaga yatsa,
"Daga farko."
Na ce tsaya.
Hoton, ka bar shi yadda rana ta bar ni.
A ƙasansa kuma ka rubuta Kyallu,
da manyan baƙaƙe.
Ya ce wace ce Kyallu?
Na ce kunna,
kashe gangar na'urar nan tukuna,
tura, jawo,
za ka ji ta.