Gangaren Gamkalle

Ba a shiga unguwarmu da gaggawa.
Hanyar da kanta ke riƙe maka ƙafa:
dutse nan, kwata can,
ga tsohuwar tayar kamiyo da aka binne rabi
tun shekarar da ruwa ya cinye matakala.

A sama, inda kwalta ta ƙare,
Yamai na ta hayaniyarta.
A ƙasa gulbi ne, shimfiɗe kamar fatar sa
da aka shanya aka manta.
Mu muna tsakani, maƙale a haƙarƙarin tudu,
dokin ƙofar wani daidai da indararon wani.
In Gambina ta watsa ruwan wanke-wanke
sai ka ji muryar Sidiku, gida uku a ƙasa,
yana tambayar wa ya aiko masa da damina.

Wari ne ke fara yi wa baƙo maraba:
bagaruwa, toka, jiƙaƙƙiyar fata.
Shi ya toshe hanci,
mu kuwa mu ce mun iso gida.
Ubana Kailu majemi ne.
Jima ta rine masa hannu har gwiwa,
ko ranar wankansa na ƙarshe
sabulu bai iya da shi ba.
Liman ya duba, ya ce a bari,
wannan ba dauɗa ba ce.

Da hantsi jiragen kabewa ke isowa,
bakinsu dab da shan ruwa.
A ƙirga da Zabarmanci,
a yi ciniki da Hausa,
in rigima ta tashi a aro Faransanci
a mayar kafin azahar.

Ruwa biyu muka sani.
Akwai ja, na damina, mai zuwa da dare ba sallama.
Akwai baƙi, na lokacin sanyi, mai tasowa daga nesa,
yana hawa a hankali kamar suruki.
A bangon masallaci, ta gefen gulbi,
kowanne ya bar layinsa,
mu kuma muka bi da ƙusa muka karce.
Da su muke lissafi.
Ni an haife ni layi biyu ƙasa da taga.

Ran Talata ƴan meri suka sauko
da igiyar awo da gwangwanin jan fenti.
Wani yaro mai farin takalmi
ya tambayi Gambina takardar fili.
Ta shiga ɗaki, ta daɗe,
ta fito tana jan dutsen niƙan kakarta
wanda cikinsa ya lotsa har yana riƙe ruwa.
Yaron ya duba. Ya rubuta: babu.
Ba mugu ba ne.
Ya sha ruwanmu, ya yi godiya,
har ya tambayi kuɗin buzun salla
don tsohonsa mai ciwon gwiwa.
Na ce jika uku. Ya ba ni biyu da rabi.

An ce za a ba mu fili can bayan gari,
shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara,
ruwa a pampo, layi a miƙe.
Madalla.
Sai dai ƙafata ta hagu ta saba riga ta dama sauka,
ban san yadda za su shirya a can ba.

Yanzu magariba ce.
Jemagu sun fara ƙetare gulbi,
fitilun tsohuwar gada na kunnuwa ɗaya-ɗaya,
wata dorina ta yi gyaran murya a bayan tsibiri.
Na tsaya a bangon masallaci da buta a hannu.
Na sa taki na auna.
Jan fentin ya ɗara layin sama da taki ɗaya da yatsa biyu,
inda ruwa, duk fushinsa,
bai taɓa kaiwa ba.