Mai Kasa Kaya Bayan Kasuwa Ta Watse

Loretta ce ta miƙo min ita ta saman shinge,
dunƙulen saiwa a tsohon gwangwanin fenti.
"Asta," in ji ta. "'Yar ƙasa ce.
Tana nan tun Dayton ba ta san kwalta ba."
Na karɓa don kunya. Ni barkono nake son shukawa.

Na tona mata rami a bayan gareji,
inda rana take yini,
inda yumɓu ya kusa karya min fartanya.
Mayu ya wuce, ganye. Yuni ya zo, ganye.
Loretta ta leƙo: "Tsinke mata kai, ta yi rassa."
Na tsinke, raina bai so ba.

Hargrove, mai gidan hagu,
wanda filinsa kullum yake kwal
kamar kan jariri ranar suna,
ya tsaya da injin yanka yana huci:
"Wannan ai ciyawa ce, maƙwabci."
Ban tanka ba.
Baƙo ne ni, ina zan san wa ke da gari?

Sai da Satumba ta raba tsakiya,
tumatir ya tsufa, furannin titi sun nannaɗe tabarma,
sannan ta buɗe ido.
Ba ɗaya ba, ba goma ba.
Shunayya zuryan, tsakiyarta ruwan ƙwai,
sai ka ce taurari sun manta hanyar komawa.

Kafin azahar bayan gareji ya ɗauki guri.
Ƙudan zuma ƙanana, da manyan nan masu gashi,
da wasu korra shar da ban san sunansu ba,
kowa ƙafarsa dumu-dumu da garin fure.
Malam-buɗe-littafi mai jar riga ya sauka,
an ce Meziko ya nufa;
ya sha, ya ƙara sha, guzuri ba ya yawa.

Wata asuba mai raɓa, Rumasa'u ta ja min hannu:
"Baba, wannan ya mutu."
Bai mutu ba. Sanyi ne ya kama shi a kan aiki,
ya kwana rungume da fure.
Muka tsuguna har rana ta taɓa bayansa,
ya girgiza, ya ci gaba daga inda ya tsaya.
Ta makara makaranta. Ban yi faɗa ba.

Da hunturu ban sare kararen ba.
Tsuntsaye suka tsince irin,
dusar ƙanƙara ta rufe saura.
Saiwa dai ba ta yi ban kwana da kowa ba.

Bana shekara uku ke nan.
Loretta ta koma Toledo wurin ɗanta, gwiwa ta ƙi.
Na sa shebur na raba saiwar gida huɗu,
na wanke gwangwanin nan nata,
na ajiye kashi ɗaya a gindin shingen hagu.
Yau kwana biyu, Hargrove bai ɗauka ba.
Amma ɗazu na ga ƙasar a jiƙe,
kuma ba ni na zuba ruwan ba.