Fatar Ido

Stenly ya shigo da shi naɗe cikin tawul,
yana taku kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.
Ya ce, "Oma, wannan gilashin
ya fi injin kwale-kwalenmu tsada."

Ƙoƙo ne garau, girman rabin kwakwa.
Kyamara na ƙunshe a gidanta, ruwa ba ya taɓa ta,
ta nan kaɗai take leƙen teku.
Ƙarzuwa ɗaya, in ji shi, ko ta ƙwayar yashi ce,
za ta bi kowane hoto kamar tabon gado.
Marfinsa ya faɗa ruwa ran Talata.
Na shago yana can Manado, da kuɗin cefanen wata.

Sai na sauko da rigar nutson kakansa
daga ƙusar da ta shekara tara a kai.
Welly ya ɗago daga gyaran koma:
"Ba dai ƙafar dama ba, ita ce mai sauran rai."
Na yanke ta dama.

Kwanon miya na kifa, na zagaye shi da alli.
Robar tana warin gishiri da tsohon gumi,
almakashi na cin ta kamar ɗanyen nama.
Ba ta san ladabin yadi ba:
ka ja, ta biyo ka,
ka saki, ta koma inda ta ga dama.

Allura biyu ta karya mini.
Ta ukun na shafa wa sabulu.
Gam a baki da baki, a jira ya sha iska,
sannan zaren fatsa, rabin kauri kawai,
kada tsini ya ɓulla ciki,
kada ƙulli ya kwana a jikin gilashi.
Na farko ya fito kamar hular mahaukaci.
Na warware. Ruwan sama ya zo ya wuce,
jiragen kifi suka yi kuka a Bitung,
ina nan ina kalmasa,
ina zura zariya daga tsohon wandon Welly.

Shekara sittin da bakwai ina kallon mashigin Lembeh
daga sama, kamar mai kallon murfin tukunya.
Ban taɓa wuce gwiwa ba.
Abin da ke ƙasa, a wayar yaron nan na san shi:
baƙin yashi, kifi mai tafiya da hannu,
jatan lande da bai kai ƙwayar shinkafa ba
ya yi ado kamar za shi coci.

Da asuba ya gwada.
Ta shiga da ɗan gardama, ta zauna daram.
Ya ja zariya, idon ya rufe.

Na ɗinka mata igiya a gefe, ja wur,
na ce ya ɗaura a wuyan hannu.
Ya yi dariya, ya ce marfi ba ya nutsewa sau biyu.
Ban ce don marfin na yi ba.

Welly yana juya abin da ya rage na rigar,
yana auna ƙafar hagu da tafin hannu.