Wadda Ta Rage

Daren Asabar a Bilbis, kuran bai ɗauke ba,
muka fito da tele tsakar gida, bisa turmin da aka kifa.
Manet huɗu, ɗaya ɗaure da robar taya,
mu bakwai, sai an bi layi.

Wasan ba wuya, in ji Arzika:
daɓe ne a sararin sama, gida-gida kamar na dara,
kowane gida ya nuna hotonsa ya ɓoye,
nan kankana, can lemo, can kifi, can tauraro.
Sai allo ya ce: kankana!
Ka ruga ka taka inda ka gan ta.
Sauran daɓen ya buɗe baki,
ɗan mutuminka ya zurma yana wutsil-wutsil da ƙafa,
ba mai jin ƙarar isarsa ƙasa.

Zagayen fari kowa gwani ne.
A na biyu Tanimun ya bi Arzika kamar akuya bayan mai dusa,
suka faɗa tare, muka yi ta shewa.
Ni a na uku na rantse lemo na kusurwar hagu.
Yana can kuwa, amma a zagayen da ya wuce.
Ba mantuwa ta kashe ni ba,
tsohon abu na tuna.

Inna Dije na bakin murhu tana lissafin hura,
ba littafi, ba alƙalami, leɓe kawai ke motsi.
Shekara talatin tana riƙe bashin unguwa da ka,
har dala goman da ke wuyan mai gyaran rediyo
tun kafin kwalta ta iso nan.
Ta ce, "Mi ya faru kuke ta kuwwa? Ba ni abin ga in gani."

Ta riƙe manet kamar ɗan tsako.
Ramatu ta nuna mata: wannan tafiya, wannan tsalle.
"Ba ni son tsalle," in ji ta.

Muna jin ta tana gunguni:
"Kankana gidan Nomau, kifi gidan mai taba,
lemo bakin rijiya, tauraro wurin Hajo."
Ta mai da allo unguwa.
Ɗan mutuminta mai hular kaza yana takawa a hankali
kamar mai zuwa karɓar bashi da hantsi,
daɓe na zubewa dama da hagu,
ko waiwaye bai yi ba.

Gida sha shida. Gida ashirin da biyar.
Hoto ya zo ya tafi kafin ka ƙifta.
Suka rage biyu, ita da Gado,
Gadon da ke cinye kowa tun hutun lakwal.
Allo ya ce: tauraro!
Gado ya yi gabas.
Inna ta tafi wurin Hajo.

Muka tashi da ihu, Tanimun ya ture buta,
maƙwabta suka leƙo ta katanga.
Ita ko murmushi.
Tana kallon ɗan mutumin yana rawa shi kaɗai
a gida ɗaya tak, gabansa wayam, bayansa wayam.
Ta ce, "To, sauran hwa? Ina sunka tahi?"
Muka ce, sun faɗi, Inna, ke kika ci.
Ta ce, "Wannan ne cin?"

Nomau dai tun shekarar fara ya riga mu.
Mai taba ya tafi Abijan, ko saƙo.
Rijiyar an cike ta, butik ne yanzu.
Hajo bara, ana saura kwana uku salla.

Ta ajiye manet bisa tabarma, ta share hannu da zane,
ta ce, "Arzika, hurar shekaranjiya, dala ashirin."

Ramatu ta danna a sake.
Duk waɗanda suka faɗi suka dawo kan daɓe,
lafiya lau, suna ɗaga wa juna hannu.
Inna ta tsaya da ƙwarya a hannu,
ta daɗe tana kallon wannan.