Lamba Ɗari da Sha Huɗu

Da safe nakan hau bas a Ƙofar Doka,
takardu a jaka, biro biyu don kada ɗaya ya ci amanata.
Aikina a asibitin Shika tambaya ce:
shekara nawa, tun yaushe, ina ne ke ciwo.
An ce kada in rubuta suna.
Suna na mai shi ne, bincike lamba yake ci.

Lamba talatin da bakwai Iya Barmani ce,
shekara arba'in tana suyar waina a Tudun Wada.
Ko kusa da taba ba ta taɓa zuwa ba,
amma da likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ga fitila
sai na ga rufin madafi,
kunkunniya ta kama azara.
Na miƙa mata bututu, na ce, "Iya, hura,
hura kamar itacen ya jiƙe."
Ta yi dariya, dariya ta zama tari,
tarin ya daɗe bai sake ta ba.
Na rubuta abin da na'ura ta nuna.
Babu gurbi a takardar
da zan sa cewa da hayaƙin nan
ta kai 'ya'ya uku jami'a.

Laraba, firamare a Samaru.
Dakta Kuluwa da ɗan madubinta tana ƙirge:
"Na sama, hagu, rami. Na ƙasa, ya fita."
Ni ina cike gidaje kamar mai wasan dara.
Tanimu ya damƙe leɓe ya ƙi buɗewa.
Ashe alawar madara ce a kunci,
yana tsoron a ƙwace.
Turame huɗu sun rube.
Kakarsa ta ce tsutsa ce,
Dakta ta ce zaƙi ne yake kwana a baki.
Aka ba shi buroshi kore,
ya soke a aljihu kamar wanda aka naɗa.

Alhamis ce ban shirya mata ba.
Na ɗaga labule na kira mai bi,
sai ga hular da na wanke jiya.

Baba.
Shi da ya ce mana sanyi ne kawai,
shi da ya koma shan koko a ɗaki
don kada mu ji ludayi yana buga ƙwarya.
Shekara hamsin a zauren Kwarbai yana zana tambari,
yana jera aska takwas a ƙirjin riga,
zare bai taɓa saɓa masa ba.

Ƙa'ida ta hana 'ya ta tambayi uba.
Na miƙa wa Azumi takardar, na koma bakin taga.
Na ji ta ce, "Malam, zana min layi
mai nannaɗewa kamar gammo."
Na ji biro yana karce.
Ban juya ba.

Da la'asar ina zuba lambobi a kwamfuta
na kai ɗari da sha huɗu.
Gammon ya fito kamar sawun kaza a kan rairayi,
amma a tsakiya, inda ya fara,
akwai zagaye ɗaya cif,
irin nasa na da.

A bas na tambaye shi me ya kawo shi.
Ya ce, "Na ji ana neman masu rawar hannu."
Na ce, "Baba, sakamakon zai daɗe.
Wataƙila ba kai zai amfana ba."
Ya dubi hanya har muka wuce Kwangila,
sannan ya ce, "Riga nawa na ɗinka?
Nawa na ga wuyan da ya sa?"

Bayan magariba ya ɗauko wani ɗinki
da ya ajiye tun kafin azumi.
Ya miƙo allura, bai ce komai ba.
Na lashi bakin zaren, na zura.
Sau uku ina kuskure.